Direban NVIDIA a kan Linux: katin da ya dace da shi da wanda zai sha wuya

An sabunta kwamfuta da daddare, an kashe ta lafiya ƙalau. Da safe aka kunna, sai baƙin allo, da ɗan gajeren layi fari yana ƙyaftawa a kusurwar hagu ta sama, fanka kuma tana ta juyi. Ko kuma allon ya fito, amma rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, komai ya kumbura kamar an mayar da kwamfutar shekara ashirin baya. Duk mai amfani da katin zane na NVIDIA a kan Linux ya san wannan hali. Yawanci Linux ake ɗora wa laifi, alhali matsalar tana wurin da direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, yake zaune.

Direbobin Intel da na AMD suna cikin kanel ɗin Linux ne, wato zuciyar babbar manhajar, sauran rabinsu kuma yana cikin Mesa, tarin buɗaɗɗun manhajojin zane. In kanel ya sabunta, tare suke tafiya. Direban NVIDIA kuwa baƙo ne, daga waje ake kawo shi a ɗaura, kuma dole a sake gina ɓangarensa na kanel duk sanda kanel ya canza. In ginin ya gaza, ko ya gama amma aka hana shi shiga, to kati ya zama ba shi da mai tuƙa shi. Mafi yawan koke-koken da ake ji daga nan suke tasowa, kuma wanda ya gane wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

Kafin a yanke wa direban hukunci sai an san katin da ake magana a kai, domin ba hali ɗaya yake nuna wa kowane kati ba. A tagar umarni a rubuta `lspci -nnk | grep -A3 -E "VGA|3D"`. Lambar 10de ta NVIDIA ce, 1002 ta AMD, 8086 ta Intel, layin ƙasa kuma zai faɗi direban da ke riƙe da katin a lokacin: ko nvidia na kamfanin, ko nouveau na masu sa kai.

Daga dangin Turing zuwa sama, wato GTX 16 da RTX 20 da duk na bayansu, lamarin ya gyaru sosai, kuma ya kamata a yaba. A 2022 kamfanin ya saki buɗaɗɗen ɓangaren kanel tare da jerin direba mai lamba 515, a 2024 kuma da jerin 560 ya mayar da shi zaɓin farko ga waɗannan katuna. Katunan RTX 50 ma da shi kaɗai suke aiki. Wanda ya saka musu tsohon rufaffen ɓangaren ba zai ga komai ba. Sai dai kada kalmar "buɗaɗɗe" ta ruɗi mutum. Ɓangaren kanel ne kawai aka buɗe. OpenGL da Vulkan na zane, da CUDA ta yin lissafi a kan katin, duk a rufe suke, babban aikin sarrafa katin kuma an tura shi cikin manhajar da ke gudana a kan GSP, wata ƙaramar kwakwalwa a jikin katin kansa. Har yanzu kuma daga wajen kanel yake, sai an gina shi.

Masu GTX 900 da GTX 10 su ne a tsaka mai wuya, abin takaici kuwa, domin GTX 1060 da 1080 katuna ne masu ƙarko da har yau suke biyan buƙata. Buɗaɗɗen ɓangaren bai san da su ba, saboda ba su da GSP. Jerin 580 shi ne na ƙarshe da ya ɗauke su. In an ce a koma wa nouveau, direban da masu sa kai suka rubuta ta hanyar binciken yadda katin yake aiki, nan ma akwai katanga: waɗannan katuna suna neman manhajar ciki mai sa hannun kamfanin kafin a iya ɗaga saurinsu, nouveau kuma bai samu ba. Saboda haka katin yana tsayawa a kan ɗan saurin da ya tashi da shi. Zai nuna allo, zai buɗe burauza, amma wasa ko aikin bidiyo sai dai haƙuri. Na ƙasa da su kuwa, dangin Kepler, wato yawancin GTX 600 da 700, sun tsaya a jerin 470, Fermi a 390, kuma kowane sabon kanel sai masu kula da nau'in Linux ɗin sun yi wa waɗannan faci kafin su ginu. Ga irin waɗannan tsofaffi gara a zauna a kan kanel mai dogon tallafi, a daina bin sabo.

Batun sakawa. Shafin NVIDIA yana ba da fayil mai ƙarewa da .run, kuma wanda ya saba da Windows hannunsa can zai fara zuwa. Kada a taɓa shi. Yana zuba fayiloli a wuraren da mai kula da kunshin manhajoji bai san da su ba, sabuntawa ta gaba ta hau kansu, a wayi gari rabi sabo rabi tsoho. A Ubuntu da Mint `ubuntu-drivers devices` zai nuna wanda ya dace, `sudo ubuntu-drivers install` ya saka shi. A Fedora ana ƙara rumbun RPM Fusion a saka akmod-nvidia, kuma a nan gaggawa ce ke kayar da mutane: umarnin yana nuna ya gama alhali ana can ana gina ɓangaren kanel a bayan fage. A dakata 'yan mintoci, a rubuta `modinfo -F version nvidia`. Sai ya dawo da lamba sannan a sake kunnawa. A Debian da duk inda ake amfani da DKMS, mai sake gina ɓangaren direba in kanel ya canza, a tabbata kunshin linux-headers na kanel ɗin da ake kai yana nan, domin in babu shi ba abin da zai ginu. `dkms status` zai faɗi gaskiyar lamari.

Inda ya fi cin mutane shi ne Secure Boot, tsarin tsaron da ke hana manhajar da ba ta da sa hannu shiga lokacin kunna kwamfuta. Direba ya ginu, komai ya yi daidai, amma `nvidia-smi` ya ce ya kasa magana da direba. Dalili shi ne kanel ba ya karɓar ɓangaren da ba shi da sa hannun da ya amince da shi, wanda aka gina a kan kwamfutarka kuwa ba wanda ya sa masa hannu. `mokutil --sb-state` zai nuna ko Secure Boot a kunne yake. Ubuntu ta sauƙaƙa wannan da kunshin da Canonical ta riga ta sa wa hannu. A sauran wurare sai ka ƙirƙiri mabuɗinka, ka shigar da shi da `mokutil --import`, ka zaɓi kalmar sirri ta wucin gadi. Da ka sake kunnawa wani shuɗin allo zai fito yana jiran ka danna maɓalli, na daƙiƙu kaɗan kawai. Da yawa suna ɗauka kuskure ne su bar shi ya wuce, shi ke nan mabuɗi bai shiga ba. Abin yi shi ne a danna, a zaɓi Enroll MOK, a amince, a rubuta kalmar sirrin. Kashe Secure Boot gaba ɗaya ma yana magance matsalar, amma mai Windows a gefe da BitLocker, mai kulle bayanan faifai, a kunne ya fara tanadar mabuɗin ceto, don za a iya tambayarsa.

In an riga an faɗa baƙin allo, ba sai an goge komai an sake ba. Ctrl da Alt da F3 sukan buɗe allon rubutu zalla, inda za a shiga a gyara. In hakan ya ƙi, a jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa lokacin kunna kwamfuta, a zaɓi tsohon kanel, wanda direbansa yake nan a gine. Ko a danna e, a je ƙarshen layin da ya fara da linux, a ƙara `nomodeset`, a danna F10. Wannan sandar dogarawa ce ta shiga ciki kawai. Wasu suna mayar da ita dindindin, daga baya su yi ta mamakin yadda allo na biyu ya ƙi fitowa kuma hasken allo ya ƙi raguwa.

Akwai kuma saƙon nan na "Driver/library version mismatch" da ke tayar da hankali a banza. Ma'anarsa an sabunta fayilolin direba amma tsohon ɓangaren yana nan a cikin kanel mai gudana. Sake kunnawa ne maganinsa. Ɗan'uwansa yana wajen Flatpak, wata hanyar saka manhajoji a keɓe: manhajojinsa suna ɗauke da nasu kwafin direban, kuma dole lambarsa ta yi daidai da ta kwamfutar. In manhajar wasanni ta Steam da aka saka ta Flatpak ta daina ganin kati bayan sabuntawa, `flatpak update` ake nema.

Wayland, sabon tsarin nuna tagogi da ke maye gurbin tsohon X11, ya daɗe yana zama abin kunya ga wannan direba. Kamfanin ya shafe shekaru yana nacewa a kan hanyarsa ta EGLStreams alhali kowa yana kan GBM, sai a 2021 da jerin 495 ya bi sahu. Ko bayan haka tagogi suna ƙyalli, hotuna suna zuwa a hargitse, musamman a wasanni da manhajojin da ke bi ta Xwayland, gadar da ke tafiyar da manhajojin X11 a kan Wayland. Jerin 555 na 2024 ne ya kawo daidaita lokaci tsakanin kati da mai zana tagogi, kuma yana buƙatar abokan tafiya: teburin GNOME 46.1 ko na Plasma 6.1, da Xwayland 24.1. Wanda yake da waɗannan ko sama da su zai sami tebur mai santsi. Wanda nau'in Linux ɗinsa ya tsufa kuwa gara ya zauna a X11. A duba kuma `nvidia-drm.modeset=1` yana aiki; sababbin kunshi sukan kunna shi da kansu, tsofaffi sai an sa da hannu.

A laftof mai kati biyu, na Intel ko AMD don aikin yau da kullum da na NVIDIA don nauyi, nan ne direban yake nuna kyansa da muninsa a lokaci guda. Tun jerin 435 ana iya barin ƙaramin kati yana riƙe da allo, a tura wa babban manhaja ɗaya kawai, ta hanyar sa `__NV_PRIME_RENDER_OFFLOAD=1 __GLX_VENDOR_LIBRARY_NAME=nvidia` a gaban sunanta; a Ubuntu `prime-select on-demand` ne ke shirya wannan. Daga Turing zuwa sama babban katin yana iya kashe kansa gaba ɗaya in ba a aiki da shi, batir ya huta. A GTX 10 ba ya yi, shi ya sa laftof ɗin da ke daɗewa a Windows take shanye batir da wuri a Linux, ƙasanta da ɗumi ko ba a komai. Sannan a laftof da yawa ramin HDMI a jikin katin NVIDIA aka ɗaure shi kai tsaye, don haka wanda ya kashe katin don tattalin batir ya kashe allon waje ke nan. Wani abin lura: `nvidia-smi` kansa yana tayar da katin daga barci, saboda haka kada a yi ta kiransa don a ga ko ya yi barci.

Farkawa daga barci ma tana da nata. A rufe murfi, a buɗe, sai hoton bango ya koma ɗigo-ɗigo masu launi ko rubutu ya ɓace. Abin da ke cikin ma'adanar kati ne ya zube. Ana gyara shi da `NVreg_PreserveVideoMemoryAllocations=1` tare da kunna nvidia-suspend da nvidia-resume da nvidia-hibernate a systemd. Direban zai kwashe abin da ke cikin katin ya ajiye a faifai, don haka wurin ajiyar ya zama yana da sarari daidai da ma'adanar katin. In /tmp a cikin RAM yake, a karkatar da shi zuwa /var/tmp da `NVreg_TemporaryFilePath`.

To me ya sa har yanzu ake sayen katin NVIDIA? Saboda in ya zauna, yana aiki ƙwarai. CUDA ita ce hanyar da yawancin manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fi sani, Blender yana gudu da OptiX, NVENC yana matse bidiyo a OBS ba tare da ya gajiyar da kwakwalwar kwamfuta ba, DaVinci Resolve kuma ya fi samun kwanciyar hankali a kansa. ROCm, kishiyar CUDA daga AMD, yana matsowa, amma katunan da yake tallafa wa a hukumance ba su kai yawan na CUDA ba. A wasannin Windows da ake yi a Linux ta Proton ma yana yin kyau, ko da yake an san wasannin DirectX 12 sukan yi ƙasa da yadda suke a Windows a kan kati ɗaya. Rauninsa na yau da kullum shi ne bidiyo a burauza: Firefox yana neman VA-API, hanyar miƙa wa kati aikin kunna bidiyo, direban bai zo da shi ba, sai an ƙara nvidia-vaapi-driver na masu sa kai an kuma yi 'yan saituna.

Ga mai sayen sabon kati don Linux wanda ba ruwansa da CUDA, AMD ya fi kwanciyar rai: a soka kati, a kunna, shi ke nan. Shi ma ba a rasa masa ba. Sabon kati yana son sabon kanel da sabuwar Mesa, don haka RX 9070 a kan tsohon nau'in Linux zai ba da wahala, kuma a 2024 ƙungiyar HDMI Forum ta ƙi yarda a sa HDMI 2.1 a buɗaɗɗen direbansa, abin da ya sa masu allon 4K mai sauri suke komawa DisplayPort. Mai buƙatar CUDA ya sayi NVIDIA daga RTX zuwa sama, ya ɗauki direba daga rumbun nau'in Linux ɗinsa, ya bar aƙalla tsohon kanel ɗaya a GRUB.