Littafin tarihin magani: babin da na saye shi dominsa ne ya zo a lalace

Mako uku ke nan da aka kawo mini littafin nan da ake ta talla, mai bayani kan yadda ake magani a ƙasashen Musulmi da na Turai daga ƙarni na 9 zuwa na 14. Kuɗinsa kowa ya sani, kuma ban yi ciniki ba, domin mahaifina wanzami ne, kuma tun ina riƙe masa zabira nake son sanin asalin sana'arsa.

A daren farko ban kwanta ba sai da na kammala babin ɗabi'u huɗu, wato ruwayen jiki huɗu: jini da majina da safra'u da sauda'u, waɗanda likitocin wancan zamani suka gada daga Girkawa, suna ganin cuta tana samuwa ne idan ɗaya ta rinjayi sauran. Nan na gane abin da Baba yake nufi idan ya ɗora ƙaho a gadon bayan mutum, ya yi tsaga, ya ce mataccen jini ne ya taru. Ashe a Turai ma masu aski ne suke fitar da jini, su cire haƙori, har su ɗora wa mara lafiya matsattsaku. Babin annobar 1347 zuwa 1351 shi ma ya yi kyau. Malaman likitanci na Paris sun rubuta a 1348 cewa haɗuwar taurarin Zuhal da Mushtari da Mirrihi a 1345 ce ta gurɓata iska, shi kuwa Ibn al-Khatib, malamin birnin Garnaɗa da ke Andalus, ya tsaya a kan cewa cutar tana yaɗuwa ne ta hanyar cuɗanya da tufafi da kwanuka. Da a wannan dare aka tambaye ni, da na ce kowa ya saya.

Amma ni saboda Az-Zahrawi na fitar da kuɗina. Shi ne likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, wanda ya keɓe kashi na 30 na littafinsa At-Tasrif ga aikin tiyata, ya zana kayan aiki kusan 200, ya kuma yi bayanin ɗinke rauni da zaren hanjin dabba. A tallar an nuna waɗannan zane-zane tar, kuma niyyata ita ce in kai wa Baba, in ɗora askarsa a gefen hoton mu gwada. Da na buɗe babin sai na tarar daga shafi na 112 an tsallake zuwa na 129, an kuma maimaita shafukan Ibn Sina guda 16 a gurbinsu. Hotuna uku da suka rage tawada ta cinye su, har ba a bambance ƙugiya da almakashi. Baba ya sa tabarau, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya jujjuya shafin, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, ni ban ga komai ba." Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai, domin na riga na yi masa alkawari.

Na kira wanda ya sayar mini har sau huɗu. Da farko ya ce laifin maɗaba'a ne, daga baya ya ce in mayar da littafin da kuɗin motata, idan an sake bugawa za a neme ni, kuma har yau shiru. Wanda ya karɓi kuɗin mutum cif bai kamata ya aiko da kaya ba tare da ya buɗe ya duba ba.

Ɓacin ran ya sa na koma na sake karanta sauran da idon basira, sai na lura Ar-Razi, wanda ya bambance agana da ƙyanda, layi biyar kawai aka ba shi, asibitin Sarki Ƙalawun da aka gina a Alƙahira a 1284 kuwa ko ambatonsa ba a yi ba. Saboda haka yabon da na yi a daren farko na rage shi. Duk mai niyyar saye ya buɗe babin tiyata a gaban ɗan aike, ya ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya.