Ɗaga Mama ko Ƙara Masa Girma: Wanne Ya Dace da Jikinki?

A wuraren biki da ɗakunan ƙunshi na Gombe, idan zancen gyaran mama ya taso cikin raɗa, yawanci ana haɗa aiki biyu a mai da su ɗaya. Mace za ta ce "so nake a gyara min, yaran nan sun shanye ni," ƙawarta ta ce ai roba ake sawa, shi ke nan. To ba haka ba ne. Ɗaga mama daban, ƙara masa girma daban, kuma kowanne da matsalar da yake warwarewa. Wadda ta zaɓi wanda bai dace da ita ba za ta kashe miliyoyin naira ta dawo da abin da ta je gyarawa, wani lokacin ma ya fi na da muni.

Ki ɗauki maman a matsayin matashin kai: fata ce rigar, nama da kitsen ciki su ne audugar. Wani matashin audugarsa ce ta yi kaɗan, rigar kuwa daidai take, wannan ƙari yake so. Wani kuma rigar ce ta saki ta yi yawa, wannan ragewa ake yi a matse. Tiyatar ƙari tana cusa jakar silikon (wani irin ruwan roba mai kauri) ko ta ruwan gishiri a bayan naman mama ko a ƙarƙashin tsokar ƙirji. Tiyatar ɗagawa kuwa ba ta ƙara komai, fatar da ta yi yawa ake yankewa, a tattara naman, a mayar da kan mama sama inda yake a da.

Za ki iya gane ɓangarenki tun a ɗakinki. Ki tsaya gaban madubi ba rigar mama, hannuwa a sake, ki nemi layin nan da ke ƙarƙashin mama, inda fatarsa ta haɗu da ta ƙirji. Sai ki duba ina kan maman yake. Idan yana sama da layin, kuma abin da ke damunki shi ne saman ƙirjin ya zama fayau babu cika, to ƙari ne zancenki. Idan ya sauko daidai layin, zubewar ba ta yi nisa ba. Idan ya wuce layin, ko ya kai can ƙasa yana kallon cinya, babu jakar da za ta ɗaga shi. Da wannan ma'aunin likitocin fiɗa ke aiki tun 1976, lokacin da likita Paule Regnault ta Kanada ta kasa zubewar mama mataki uku. A ƙasarmu, inda mace ke haihuwa biyar ko shida kafin ta cika arba'in, da yawa daga masu wannan damuwa suna mataki na biyu ne ko na uku, wato kan maman ya wuce layin. Ma'ana, ɗagawa suke bukata, amma ƙari ya fi jan hankali, domin shi ya fi kyan hoto kuma tabonsa a ɓoye yake.

Babban kuskure shi ne sa babbar jaka a cikin fatar da ta riga ta saki, da sunan za ta cike gurbin. Jaka mai cin mililita 300 nauyinta ya kai giram 300, wato kusan sulusin kilo a kowane gefe. Fatar da ta kasa riƙe nauyin nama ba za ta riƙe nama da jaka ba. Da farko abin zai ba da sha'awa, daga nan ya fara gangarowa. Idan kuma a ƙarƙashin tsoka aka sa ta, jakar na iya tsayawa a sama, naman ya zube ta gabanta, ƙirjin ya zama hawa biyu.

A nan bari in ɗan kauce: ba shayarwa ce ke zubar da mama ba. Wani bincike da aka buga a 2008 daga Jami'ar Kentucky ta Amurka ya gano cewa yawan ciki, shekaru, ƙiba da shan taba ne ke da alaƙa da zubewar, bai sami hannun shayarwa a ciki ba. Cikin ne ke kumbura maman ya ja fata, ko an ba jariri nono ko ba a ba shi ba. Amaren da ke gudun shayarwa don kada jiki ya lalace, jariri kawai suke cuta.

Farashin ɗagawa na gaskiya tabo ne. Akwai yanka iri uku. Na farko zagaye ne kawai a bakin baƙin da ke kewaye da kan mama, kuma ƙaramar zubewa kaɗai yake gyarawa. Na biyu zagayen ne da layi ɗaya da ya sauko zuwa ƙasa. Na uku ya haɗa zagayen, da layin, da wani dogon yanka da ya bi ƙarƙashin maman daga gefe zuwa gefe, kuma shi ake yi wa zubewa mai nisa. Hotunan da asibitocin waje ke nunawa galibi na farar fata ne, inda tabo ke dushewa ya zama siririn zare. Fatarmu ba ta da wannan alkawarin. Mu ne muka fi kowa saurin samun tabo mai tashi, wanda ke kumbura ya yi tauri ya wuce iyakar raunin, yana ƙaiƙayi, kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Ki duba hujin kunnenki, ki duba tabon rigakafin da ke kafaɗarki, ki duba ɗinkin marar idan an taɓa yi miki tiyatar haihuwa. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi ƙulli, ko kuma kin san abin yana bin danginku, to ki faɗa wa likita tun a zaman farko. Ana rage shi da allura a cikin tabon da kuma faifan silikon da ake liƙawa, amma yana iya dawowa. A ganina, mace mai irin wannan fata ta fi dacewa ta haƙura da ɗagawar gaba ɗaya, kada garin neman gira a rasa ido.

Ban da tabo, ɗagawa na iya rage jin taɓi a kan mama, wani lokacin na ɗan watanni, wani lokacin har abada. Yakan kuma sa maman ya ɗan ragu a ido, tunda an matse shi. Amma idan raunin ya warke, an gama da shi, ko da yake shekaru na iya sake sakin fatar. Babu wani baƙon abu a jikinki da za ki riƙa bibiya.

Ƙari kuwa tabonsa gajere ne, santimita huɗu zuwa biyar, yawanci a ɓoye a ƙarƙashin mama, aikin kuma bai cika wuce awa biyu ba. Shi ya sa yake ruɗi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne jakar ba ta zama har ƙarshen rayuwa. Tun 1962 da aka fara sa ta a birnin Hustan na jihar Tekzas ake gyara ƙirarta, amma har yau tana tsufa, tana fashewa. Ta ruwan gishiri idan ta fashe za ki gani da idonki, maman zai sace cikin kwanaki, jiki ya shanye ruwan ba tare da illa ba. Ta silikon ta fi laushi, ta fi kama da nama, amma fashewarta shiru ce, za ki iya shekara ba ki sani ba. Don haka hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a yi hoton cikin jiki na MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan duk bayan shekara 2 zuwa 3. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: za ki ci gaba da wannan zirga-zirga da biyan kuɗin har tsufanki?

Jiki kuma yana gina wata fata a kewayen duk baƙon abin da aka sa masa. A wasu matan fatar nan takan ƙanƙance ta matse jakar, maman ya yi tauri, ya karkace, yana ciwo, sai an sake buɗewa. Sannan akwai tarihin da ya kamata ki sani kafin ki yarda da kalmar "mai inganci ce". A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a amince da shi ga jikin mutum ba, bayan dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama sun riga sun sa. A 2019 kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa na Biocell masu kaushin baya daga kasuwannin duniya, saboda alaƙarsu da wata kansa da ke tasowa a fatar da ta kewaye jakar. Kansar ba ta da yawa, amma tana nan, alamarta kuwa kumburi ne kwatsam bayan shekaru. Saboda haka duk wadda za a sa wa, ta karɓi katin jakar mai ɗauke da sunan kamfani, girma da lamba, ta adana shi tare da takardun gida. Likitan da ya ce babu kati, ki tashi ki bar masa ofis.

Wadda maman nata ya zube kuma ya rame, ana iya haɗa mata biyun. Aiki ne mai wuya, domin ana matse fata ana kuma tura ta daga ciki a lokaci guda, shi ya sa ya fi yawan bukatar gyara daga baya. Wasu likitocin sun fi son su ɗaga tukuna, a jira watanni, in har yanzu tana son ƙari sai a yi. Mata da yawa idan suka ga sakamakon ɗagawar ba sa komawa. Akwai kuma ɗiban kitse daga ciki ko cinya a zuba a mama. Ƙarin kaɗan ne, wani kason kitsen yana narkewa, kuma ba ya ɗaga komai.

Hulɓa, man shafawa da garin masu kayan mata ba sa mayar da fatar da ta saki, iyakarsu su ci miki kuɗi. Ƙwayoyin sha-ka-fashe kuwa suna kumbura jiki ne su bar ki da hawan jini, ciwon suga da nankarwa. Mafi haɗari su ne masu allura a ɗakin otel ko bayan shago. Ruwan silikon da aka tsira kai tsaye cikin nama yana yawo, yana ƙulluwa, yana iya bin jini zuwa huhu, kuma cire shi wani lokacin sai an yanke naman. Araha ba ta ado.

Batun addini ba abin tsallakewa ba ne. Malamai suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i wajen hana canza halittar Allah, suna kuma kafa hujja da Sahabi Arfajah ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya, wajen halatta gyaran aibi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta sake gina mama bayan an cire shi, da gyara girmansa idan ya kai ga cutarwa, ta kuma hana tiyatar da kwaikwayo da son zuciya kaɗai suka kawo. Wadda kansa ta sa aka cire mata mama, ko wadda ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba, hukuncinta a fili yake. Wadda haihuwa ta sauya wa jiki tana tsakiya, ita ce ya kamata ta zauna da malamin da ta amince da iliminsa ta yi masa bayani dalla-dalla. Idan kuma tsoron kishiya ne ko gorin maigida ya kawo zancen, ki sani wuƙar likita ba ta taɓa hana namiji ƙara aure ba.

Kafin komai, ki fara da duba lafiyar maman kansa. Kansar mama ce ta fi kowace kansa kama mata a Najeriya, kuma ba a gyaran ado a kan ƙullin da ba a bincika ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi sun ishe ki wannan matakin, a can ne kuma za ki nemi a haɗa ki da ƙwararren likitan gyaran jiki. Ki tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, ya kuma kammala horon fiɗar gyaran jiki a Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa. Ƙungiyarsu ita ce NAPRAS. Ki ce masa, "Likita, nuna min hotunan mata masu irin fatata bayan shekara ɗaya, ba bayan sati biyu ba." Ki tambaya wa zai ba da allurar barci, ko akwai ɗakin kulawa ta musamman, kuma wa zai biya idan aka sake shiga tiyata. Inshorar lafiya ta NHIA ba ta ɗaukar tiyatar ado, jakunkunan kuma daga waje ake shigo da su, don haka kuɗinsu da dala yake tafiya.

Tafiya Turkiyya, Masar ko Dubai ba ta cire haɗari. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, a Sifen ta rasu a watan Oktoban 2005 bayan tiyatar ado. Kuma yawancin matsaloli, ruɓewar rauni ko buɗewar ɗinki, sukan bayyana ne bayan kin dawo Tudun Wada ko Pantami a Gombe, wanda ya yi aikin yana wata ƙasa.

Lokacin yi ma zaɓi ne. Ki jira aƙalla wata shida bayan yaye, nauyin jikinki ya tsaya wuri guda, kuma ya fi kyau a ce kin gama haihuwa, domin sabon ciki zai warware ɗagawar, duk aikin biyu kuma na iya rage ruwan nono. Mai sikila, ciwon suga ko hawan jini sai likitanta ya amince. Mai shan shisha ta daina sati huɗu zuwa shida kafin aiki, don hayaƙin yana tsuke jijiyoyin da ke kai jini kan mama, fatar wurin na iya mutuwa. Bayan aikin, sati huɗu zuwa shida babu goyo, babu daka, babu jan guga, babu ɗaga tukunyar tuwo, barci a rigingine cikin rigar mama ta asibiti, kwanakin farko ma wataƙila a zaune za ki yi sallah. Ki nemi wadda za ta riƙe miki gida tun kafin a sa rana. In da hali ki guji Maris da Afrilu: zufan Gombe na taruwa ne daidai ƙarƙashin mama, inda ɗinkin yake, don haka watannin hunturu sun fi sauƙin jinya.