Hajiya, gyara za ki yi, kada a rushe miki shafi

Tsakanin sake gina shafin intanet na shagonki daga tushe da yi masa 'yan gyare-gyare, ni gyara zan ce ki yi, Hajiya. Na buɗe shi a wayata kafin in rubuto miki, kuma ban ga ciwon da ya kai a kashe kuɗin sabon gini ba. Hotunan lesuka da atamfofin ne suka yi nauyi, lambar wayarki ta ɓuya can ƙasa, sannan Chrome na gargaɗin mai shiga cewa shafin ba shi da tsaro.

Nawa shafin na kayan fata ne, takalma da jakunkuna da tim-tim da nake karɓa wajen dukawan Shiyar Madunka a Sakkwato, kuma ya taɓa kwanciya da irin wannan ciwon. Wani yaron maƙwabtanmu mai karatun kwamfuta ya leƙo shago bayan La'asar, ya ce in ba shi wayata, ba ya son kwamfuta. Ya kunna data, muka zuba ido hoton jaka guda yana saukowa kaɗan-kaɗan, hannun jakar ya fito, cikinta bai fito ba. Ya ce, "Baba, mai saye daga Illela ko Gwadabawa ba zai jira wannan ba, datarsa ce ke ƙonewa." Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait 4 ko 5, ni kuma haka nake ɗora su. Ya rage su, ya mayar da su WebP, wani nau'in hoto marar nauyi, kowanne ya dawo ƙasa da kilobait 200, kuma jan fatar nan tamu ta akuyar Sakkwato bai dusashe ba ko kaɗan. A ƙarƙashin kowane kaya ya sa farashi da maɓallin WhatsApp, tunda mutanenmu ba sa cike fom, ciniki suke so da baki. Ko shayin da na aika a sayo masa sai da ya huce bai ɗago kai ba. Daga lokacin na fara samun masu turo hoton jaka daga shafin suna tambayar nawa zan bari.

Gargaɗin tsaron nan kuwa tun Yulin 2018 Chrome ke manna shi a duk shafin da ba shi da takardar SSL, wato shaidar tsaron shafi. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, kuma kamfanonin hostin, wato masu ajiye wa mutane shafi a intanet, da yawa suna sabunta ta da kansu. Wanda ya ce sai an sake gini kafin gargaɗin ya tafi, ƙarya yake yi miki. Ki sa adireshin shafinki a PageSpeed Insights na Google, mai auna saurin buɗewar shafi, shi ma kyauta ne, ki duba sakamakon ɓangaren waya, don yanzu fuskar shafi ta waya Google ke dubawa wajen jera sakamakon bincike.

Sabon gini yana da ranarsa, ba na musu: idan shafi ba ya zama daidai a fuskar waya sam, ko an ɗora shi kan tsarin da aka daina sabuntawa, kamar wanda ya maƙale a PHP 7.4, tsohon samfurin tsarin da ke tafiyar da shafi, da aka daina kula da shi tun Nuwamban 2022. Naki da manhajar gina shafi ta WordPress aka yi shi, ko biyan kuɗi ta intanet ta kamfanin Paystack ko Flutterwave kike so, ana jona shi ba tare da an rushe komai ba. Abin da masu gini ba sa faɗa shi ne adireshin kowane kaya yakan canza, sai duk hanyar da kika raba a WhatsApp da Facebook ta riƙa kai mutane ga 404, wato saƙon ba a sami shafin ba, in ba an bi su ɗaya bayan ɗaya an yi musu turawar 301 mai kai mutum sabon adireshin ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu wannan sana'a. Akwai mai yi wa sunan shafinki rajista da sunansa da imel ɗinsa, ranar da kuka saɓa ya riƙe miki shi kamar mai gidan haya ya sa wa shago kwaɗo da kayanki a ciki. Idan naki .ng ne ko .com.ng, ƙungiyar NiRA mai kula da sunayen shafukan Najeriya ce ke riƙe da su, ki tabbata ta hannun kamfanin da ta amince da shi aka yi rajistar, kuma sunanki ne a kai. Akwai kuma mai ɗora miki fasalin shafi na sata da ya sauko da shi kyauta ya ce saye ya yi, irinsu ne ke zuwa da ƙwayar cuta a ciki. Mai alkawarin kai ki sahun farko a Google cikin mako guda, ki ce masa Allah ya ba da sa'a.

Kafin kowa ya taɓa shafin, ki karɓi kalmar sirrin hostin da ta sunan shafin a hannunki, a ajiye miki kwafinsa gaba ɗaya, ki biya rabi, sauran sai kin buɗe shi da datarki kin gani. Kuma kada a fara aikin ana gab da cinikin Sallah.