Aikin banki da rana, karatun harkar kuɗi da dare: abin da na gani a shekara biyu

Wata huɗu ke nan da na miƙa kundin bincikena, na kammala digiri na biyu a fannin harkar kuɗi, irin wanda ake yi ba tare da an ajiye aiki ba. Abokan aikina uku sun tambaye ni ko su ma su shiga, kowannensu kuma a tsaitsaye na ba shi amsa a bakin ƙofar ofis. Yau na samu zama, bari in faɗi magana a tsanake.

Tsarin namu lakca ce sau biyu a mako da daddare ta intanet, sai Asabar ɗaya a wata da muke haɗuwa a aji tun safe har yamma. Darussa goma, sannan kundi. Na shiga da shekara tara a sashen ba da rance, ina ganin babu wani lungu na aikin da ban taka ba. Zango na farko ne ya nuna mini cewa hannuna ya iya aikin, amma dalilin aikin ya wuce ni.

Tun ranar 1 ga Janairu 2018 da IFRS 9, ƙa'idar lissafin asusu ta duniya kan tanadin asarar rance, ta fara aiki nake cike jadawalin da ke kasa basussuka mataki uku. Bashin da ke tafiya lafiya, a ware masa tanadin asarar da ake hasashe cikin wata 12. Wanda hatsarinsa ya ƙaru sosai, misali biya ya yi jinkiri fiye da kwana 30, ya koma mataki na biyu, a ware masa asarar tsawon wa'adinsa gaba ɗaya. Wanda ya haura kwana 90 kuwa, galibi ya faɗa mataki na uku. Ina yin wannan duk ƙarshen wata kamar mai hadda da bai san fassara ba. Malamar da ta koyar da mu hatsarin rance ba ta fara da jadawalin ba, sai ta mayar da mu rikicin kuɗi na duniya na 2008. Tsohuwar ƙa'ida, IAS 39, ba ta barin banki ya ware asara sai an ga shaidar cewa asarar ta riga ta auku. Shi ya sa lokacin da bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe a ranar 15 ga Satumba 2008, bankuna da yawa suka tsinci kansu da tanadin da ya zo a makare, kuma bai kai ba. Daga nan ta sa muka warware lissafin hasashen asara zuwa lambobi uku: yiwuwar mai bashi ya gaza, abin da zai rage a kansa ranar da ya gaza, da kason da ba zai dawo ba ko bayan an sayar da jingina.

Washegari da safe na buɗe fayil ɗin wani rance da na sa wa hannu da kaina. Lamba ta uku na tsaya a kai. An lissafa ta ne kamar za a sayar da jinginar nan take, a cikakkiyar ƙimarta, babu kuɗin shari'a, babu shekarun jira. Na ɗauki takardar na shiga wurin shugaban sashenmu, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan jinginar, sau nawa muka taɓa sayar da irinta cikin shekara guda?" Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce in rubuto masa a rubuce. A wurina, wannan safiyar kaɗai ta biya wahalar zangon. Ɗalibin da bai taɓa aiki ba, shi ma zai ci jarrabawar wannan darasi, wataƙila ma ya fi ni maki, amma ba shi da fayil ɗin da zai buɗe da safe. Nan ne ƙarfin karatun ma'aikaci yake, kuma ban ga abin da zai maye gurbinsa ba.

Darasin takardun lamuni, wato takardun da gwamnati ko kamfani ke sayarwa don cin bashi, shi ma ya zauna mini. Ƙa'idar a taƙaice: idan kuɗin ruwa ya tashi, farashin takardar da ke hannunka ya faɗi, kuma gwargwadon nisan wa'adinta, gwargwadon zurfin faɗuwar. Takardar da ma'aunin tsawonta, wato matsakaicin lokacin dawowar kuɗinta, ya kai shekara 5, in kuɗin ruwa ya ƙaru da kashi 1, za ta rasa kusan kashi 5 na ƙimarta. An ba mu Silicon Valley Bank mu feɗe. Bankin ya zuba ajiyar mutane a takardu masu dogon wa'adi lokacin da kuɗin ruwa a Amurka yake dab da sifili, sai babban bankin ƙasar ya fara ɗaga shi daga Maris 2022. A Maris 2023 masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya, washegari hukuma ta rufe bankin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardun nan ba na banza ba ne, yawancinsu gwamnati ce ko hukumominta ke bayansu. Sayar da su kafin lokaci ne ya zama asara. A rukuninmu akwai wata mai aiki a sashen baitulmalin wani banki, akwai mai aikin inshora, akwai mai binciken asusu, kowa ya kalli faɗuwar ta tagar ofishinsa. Muhawarar daren nan ta fi lakcar kanta amfani.

To, ga inda abin ya ci mini tuwo a ƙwarya. Takardar tallar makarantar ta ce an tsara karatun ne domin ma'aikatan harkar kuɗi. Wanda ya tsara jadawalin jarrabawa kuwa da alama bai taɓa ganin ofishin banki a ƙarshen wata ba. Sau uku jarrabawa tana faɗowa a makon rufe littafi, sau ɗaya ma a makon da masu binciken asusu suka zo na ƙarshen shekara. Na taɓa barin ofis ƙarfe tara na dare, na zauna da littafin ƙididdiga har ƙarfe biyu, lambobi suna rawa a idona. Mun rubuta koke mu da yawa, amsar da muka samu ita ce jadawali ya riga ya fita. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin mutum biyu da na sani sun ajiye karatun a kansa, kuma ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba.

Malamai kuma hannu ba ɗaya ba. Wanda ya koyar da mu tsarin Black da Scholes na 1973, na lissafa farashin kwangilar zaɓin saye ko sayarwa, ya cika allo da alamomi mako shida, bai taɓa nuna mana ciniki guda na gaske da aka yi da su ba. Na ci jarrabawar, amma ba zan ce na iya ba. Ka'idar Markowitz ta 1952 kan rarraba jari an koyar da ita da kyau, muka gina ta da hannunmu a Excel. Harkar kuɗi ta Musulunci kuwa, sukuk da murabaha da sauransu, lakca ɗaya tak aka ba ta, alhali da yawa a cikinmu muna cin karo da ita a wurin aiki. Wannan ya yi mini ciwo.

Kundi shi ne ya fi jan rai. Bayanan da na fi sani na bankinmu ne, kuma sirrin abokan hulɗa ne, ba a fita da su. Dole na koma ga rahotannin shekara-shekara da bankuna ke wallafawa. Mai duba kundina mutumin kirki ne, amma ɗalibai sun yi masa yawa, babi ɗaya ya taɓa kwana arba'in a hannunsa.

Mai tunanin shiga ya san cewa lissafi da ƙididdiga za su tare shi tun makon farko, ya farfaɗo da su kafin a buɗe aji. In kuma wurin aikinsa ne zai biya masa, ya karanta sharaɗin da kyau, don sau da yawa akwai shekarun da dole ya ci gaba da yi musu aiki bayan ya gama. Wanda burinsa sarrafa jarin mutane ne ya auna wannan da jarrabawar CFA ta ƙwararrun masu nazarin jari, mai mataki uku, wadda ake ba da shawarar karatun kimanin awa 300 ga kowane mataki. Ita ba ta da aji dole, sai dai ba ta da abokan muhawara irin waɗanda na samu.

Ƙarin girma bai zo mini da takardar ba, har yanzu a kujerata nake. Abin da ya canza shi ne yanzu ana kirana zaman kwamitin rance, kuma in na yi magana a kan jingina ana rubutawa. Ƙaramar abokiyar aikina da ta fara tambayata, shekararta biyu kacal a banki, na ce mata ta dakata tukuna har ta tara fayilolin da za ta riƙa buɗewa da safe. Sauran biyun na ce su shiga, amma kafin su biya ko sisi su nemi jadawalin jarrabawar shekarar da ta wuce, su ɗora shi a kan kalandar rufe littafin ofishinsu.