Zaman daren Alhamis: abin da na gani a taron masu daina giya a Sakkwato

A Sakkwato ba a shan giya a fili. Tun da jihar ta koma kan shari'a a 2000, mai sha ya shige lungu, ko ya bi ta kasuwar bariki, ko a sayo masa a baƙar leda da dare. To wanda ya ɓoye shansa shekara da shekaru, gaban wa zai tsaya ya ce yana so ya daina? Iyali kunya, abokai dariya, malami kuwa kana nauyin haɗa ido da shi.

Ni direban babbar mota ne, albasa nake kaiwa kudu, kuma a hanyar nan na koyi sha. Da jiki ya fara ba ni sanarwa, hannu na rawa da safe har sai na kurɓa, ƙanena ya kai ni Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Can likita ya gaya mini abin da nake so kowa ya ji kafin ya nemi wani taro: wanda ya daɗe yana sha kullum, yanke ta lokaci guda na iya kashe shi. Rawar jiki da zufa kan fara cikin sa'o'i 6 zuwa 24, wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, wani kuma bayan kwana 2 ko 3 ya rikice yana gane-gane. Wannan matakin aikin asibiti ne.

Bayan an sallame ni ne wani ma'aikacin jinya ya ja ni gefe, ya ce akwai waɗanda suka riga ni fita da ke haɗuwa duk Alhamis bayan isha'i, a wani aji da aka ara musu. Ba allo a ƙofa, ba rajista, ba kuɗin shiga. Tabarmi ne da butar shayi, mai hali ya jefa abin da ya samu na sukari.

Tsarin an aro shi ne daga Alcoholics Anonymous, ƙungiyar da Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a garin Akron na Amurka a 1935, mai matakai 12. Sunan farko kawai kake faɗa, ko laƙabi. In mutum na magana ba a katse shi, ba a ba shi shawara sai ya nema, abin da aka faɗa a ɗakin kuma a nan yake kwana. Ba a sa ka rantsuwar ka daina har abada. Alkawarin na yau ne kaɗai, gobe ka sake ɗauka.

Abin da ya riƙe ni shi ne ba a yi mini wa'azi ba. Dukanmu mun san haramun ce, tun muna makarantar allo muka sani, sanin bai hana mu ba. Sau ɗaya wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya tuna mana cewa hanin ma daki-daki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana a tsine wa wani sahabi da ake yawan kawowa kan sha, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Rabin ɗakin hawaye muka yi. Akwai Kiristoci a cikinmu, in an tashi kowa ya yi addu'a yadda ya iya.

Kowane sabo ana haɗa shi da wanda ya daɗe da dainawa. Ni dattijon nan aka ba ni. Wani dare mota ta lalace mini a Mokwa, ga mashaya tsallaken titi, ga kuɗin mai a aljihu. Na buga masa tsakar dare, ya ɗauka. "Ɗana, tahi ka yi alwala, ka shiga mota ka kulle. Kar ka kashe wayag ga." Na ce, "Baba, ba ni iyawa." Ya ce, "Ba sai gobe ba, awa guda nika roƙo." Haka muka yi ta hira har aka kira assalatu. Babu asibitin da zai yi maka wannan.

Taron na da gyara. Samari masu kodin, wanda aka hana haɗa maganin tarinsa da shigo da shi tun 2018, da masu tiramol sun fi mu yawa, matsalarsu kuma ba ɗaya take da tamu ba, har wani lokaci a tashi mai giya bai samu bakin magana ba. Ya kamata a raba zaman biyu. Dare ɗaya a mako ma ya yi kaɗan, musamman ga irinmu da hanya ke ɗauke mu. Lokacin bazara kuwa in wuta ta ɗauke, ajin ba ya zaunuwa.

Wanda ya fi damuna shi ne ba mace ko ɗaya, alhali akwai mata cikin wannan hali a bayan katanga, kuma ba wadda za ta fito da dare ta zauna tsakiyar maza. Suna buƙatar nasu zaman, da rana, mace na jagoranta.

Wanda ke nema, ya fara da likita a Kware ko sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In an gama duba shi, ya tambayi ma'aikatan jinya kai tsaye ko sun san inda masu dainawa ke haɗuwa. In ba su sani ba, ya roƙi a haɗa shi da mutum ɗaya da ya riga shi fita, domin namu ma da mutum biyu aka ce ya fara.