Gidan Tarihin Zuiderzee na Enkhuizen: Abin da Masunta Suka Rasa da Aka Datse Teku

Enkhuizen ƙaramin gari ne a lardin Holan ta Arewa da ke ƙasar Netherlands, tafiyar kusan sa'a ɗaya a jirgin ƙasa daga Amsterdam, kuma mazaunansa ba su kai dubu 20 ba. Wanda ya sauka a tasharsa ya hangi ruwa shimfiɗe iya ganinsa zai ɗauka teku ne, alhali tafki ne da ake kira IJsselmeer, wanda ya samu ne a shekarar 1932 lokacin da aka kammala madatsar Afsluitdijk mai tsawon kilomita 32, aka raba Zuiderzee, wato reshen tekun da ya kutsa cikin ƙasar, da babban teku. Labarin wannan sauyi shi ne gidan tarihin Zuiderzee yake bayarwa, kuma a ganina yana bayar da shi da gaskiya.

Tun daga shiga ake gane cewa an yi wa wurin tunani, domin jirgin fito ne yake ɗaukar baƙi daga kusa da tashar jirgin ƙasa ya kai su, ta yadda mutum zai iso ta ruwa kamar yadda masuntan da suke isowa. Sashen da ke waje, wanda aka buɗe a 1983, ƙauye ne sukutum mai gine-gine fiye da 130, da yawansu an ciro su ne daga garuruwan gaɓa irin su Urk da Volendam aka sake kafa su a nan, da titunansu da gadojinsu da coci da makaranta. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, wuraren kwanciyarsu kuwa a cikin bango suke kamar kabad, ana jan ƙyaure a rufe saboda sanyi, kuma mutum zai yi mamakin yadda magidanci da iyalinsa suka rayu cikin wannan ƙunci.

Wurin da ya fi riƙe ni shi ne inda ake bandar kifi. Ana jera kifin herin a kan sanduna bisa hayaƙin itace har fatarsa ta yi ruwan zinariya, a miƙa wa baƙo da zafinsa, kuma duk wanda ya san ƙamshin banda a Baga ko Yawuri ba zai ji baƙunta ba. Wannan kifi shi ne arziƙin Enkhuizen, har guda uku ne a tambarin garin, amma da ruwan ya rasa gishirinsa cikin 'yan shekaru bayan datsewa, sai herin ya ɓace, sana'ar kaka da kakanni ta durƙushe. Ba a datse tekun don zalunci ba, domin ambaliyar 1916 ce ta sa majalisa ta amince da shirin injiniya Cornelis Lely a 1918, aka kare rayuka, aka kuma samu sababbin gonaki. Darajar wannan gida ita ce bai bari nasarar injiniyoyi ta rufe asarar masu taru da jirage ba.

Inda nake ganin mai ziyara zai buƙaci ƙari shi ne zamanin ɗaukakar garin. Ƙauyen ya fi mayar da hankali kan rayuwar talakawa daga wajen 1880 zuwa 1930, alhali a ƙarni na 17 Enkhuizen na ɗaya daga cikin garuruwa shida da kamfanin VOC, wato kamfanin Holan mai kasuwanci da ƙasashen Asiya, yake da reshe, kuma yawan jama'arsa a lokacin ya zarce na yau kafin yashi ya toshe tashar jiragensa. Sashen cikin gida, wanda ya haɗa da ginin Peperhuis na 1625, yana da zauren jiragen katako mai ban sha'awa, sai dai ya kamata a haɗa da takawa cikin garin har zuwa hasumiyar Drommedaris da ke bakin tashar jiragen ruwa.

Mai niyyar zuwa ya ware yini guda, ya sa takalmin da zai jure dogon yawo a kan daɓen bulo, ya kuma riƙe rigar sanyi ko da bazara ce, domin iskar tafkin tana da ƙarfi. Ya duba lokutan buɗewa kafin ya taso, saboda sashen waje ba a buɗe shi duk shekara, kuma shi ne ainihin abin da ya cancanci kuɗin shiga.