Masu binciken salsala a Sakkwato: me kuɗinka zai sayo in kakanka baduku ne?

A Sakkwato akwai masu karɓar kwangilar binciko asalin gida. Wasu sun karanta tarihi a jami'a, wasu malaman zaure ne da suka iya karanta tsohon rubutun Larabci da ajami. Alkawarinsu kusan ɗaya ne: hira da dattawa, duba takardu, sannan rahoto da jadawalin salsala. Ga gidan sarauta ko na malamai aikin ba shi da wuya, don an riga an rubuta sunaye tun da daɗewa. Wanda kakansa baduku ne mai ɗinka takalma, lissafinsa daban ne. A ganinmu aikin ya cancanci a biya shi, amma amfaninsa yana cikin zaure da cikin gida, kuma wajen takardu ne ake yawan ɓarnar kuɗi.

Mai bincike na kirki daga shiya yake farawa. An raba tsohon birnin bisa sana'o'i, shi ya sa har yau ake da Takalmawa da Madunka da Majema da Siriddawa. Tambayarsa ta farko ita ce, wane irin aikin fata kakan yake yi? Majemi shi ke jeme fata da bagaruwa. Mai sirdi daban, mai kube da laya da jaka daban, mai fade da sambatse da kurufan hawa daban. Jikoki sukan ce “baduku ne” su tsaya nan, kuma wanda bai tantance ba sai ya ɓata mako guda a zauren da ba nasa ba. In akwai tsohon kayan aiki a gida, a ɗauko. Basillar da ƙotarta ta yi baƙi da gumi, ta lotsa daidai wurin babban yatsa, in aka ɗora ta a tafin dattijon da ya yi zaman rumfa ɗaya da mai ita, takan fito da zancen da tambaya goma ba za ta fito da shi ba.

Hira ita ce kan gaba, kuma nan ake gane gwani. A nemi dattawa aƙalla biyar daga ɓangarorin zuriya da ba sa zaune gida ɗaya, a yi da kowa shi kaɗai, minti 40 zuwa 60, ana ɗauka a waya da izininsa. In aka tara su wuri ɗaya, babba ne zai yi magana, sauran su ce “haka ne, Baba”, ko da sun san ba haka ba ne. Sai kuma mata. Duk wanda ya karɓi aikin nan ba shi da mace mai shiga cikin gida, rabin aiki zai kawo. Tsofaffin mata su ke riƙe da wa ta haifi wa, daga wane gari aka auro wance, wane ne ɗan riƙo, wane ne agola. Alkunya ma tana da tarko: mace ba za ta kama sunan mijinta ko ɗanta na fari ba, sai ta ce “Malam” ko “mai sunan Malam”. Sunan yanka sai a bakin taubashi ko jika, masu wasa da shi.

Kuskuren da ya fi yawa a jadawalin da ake miƙawa shi ne haɗe mutum biyu su zama ɗaya. Ana mayar wa jika sunan kakansa, don haka a gida ɗaya sai a sami Muhammadu ɗan Umaru ɗan Muhammadu ɗan Umaru, baki kuma ya taƙaita su zuwa biyu. Gwajin mai sauƙi ne. Tsakanin haihuwar uba da ta ɗa a lissafa shekara 30 zuwa 35. A gidan mai mata da yawa tazarar uba da ɗan auta kan kai 50. Wanda aka haifa a 1970, in ana son a kai shi 1809, shekarar da Muhammadu Bello ya kafa birnin, ana bukatar suna biyar ko kusa da haka. In uku aka kawo maka, wasu sun zube a hanya. Matsala ta biyu ta sana'ar ce kanta: yaron da ya koyi dukanci a rumfar maigida yakan tashi ana kiransa da sunan maigidan, har jikoki su ɗauka jini ɗaya ne.

Dattijo ba zai ba ka shekara da lamba ba, zai ce “zamanin wane”. Dole mai bincike ya riƙe jerin sarakunan Musulmi a ka: Attahiru na biyu 1903 zuwa 1915, Maiturare zuwa 1924, Tambari zuwa 1931, Hassan ɗan Mu'azu zuwa 1938, sannan Abubakar na uku har 1988. Mulkin Abubakar shekara 50 ne, saboda haka “zamanin Abubakar” bai isa amsa ba. Sai an ƙara tambaya, kafin yaƙin Hitila ko bayansa, kafin rasuwar Sardauna a 1966, ko bayan canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Ga mutanen da suka fi haka tsufa akwai shigowar Turawa a 1903, yaƙin Satiru a 1906, da annobar mura ta 1918.

A wajen takardu, wanda ya fi yiwuwa ya ambaci baduku da sunansa shi ne littafin alƙali, musamman rabon gado. In an dace, shafi ɗaya zai ba da sunan mamaci da na ubansa, matansa, 'ya'ya maza da mata, da abin da ya bari, daga gida da gona har fatu da bashin da ake binsa. Da Larabci aka rubuta, kwanan wata kuma na Hijira. Don juya shi, a raba shekarar da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622: 1350 a cire 41, a ƙara 622, ya ba da 1931. Sai dai kada a sa rai da yawa. Talakawa da dama malamin shiya ne ya raba musu gado a zaure ba tare da an rubuta ba, gara da ruwa sun ci littattafai da yawa, kuma ba a jera su bisa suna ba. In ba a san shekarar rasuwa da kusanci ba, shafi-shafi za a bi, kai kuma kana biyan kwanaki.

Gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a nan cikin gari yana da rubuce-rubucen Larabci da fayilolin zamanin En'e, kuma daidai ne a fara da shi tunda ba kuɗin mota. Tafiya Kaduna, zuwa ma'adanar takardu ta ƙasa inda fayilolin lardin Sakkwato suke ƙarƙashin lambar SOKPROF, ita ce ke kumbura farashi. Rahotannin kima da jami'an Turawa suka yi don sanya haraji suna ƙirga dukawa nawa ne a gunduma da abin da ake zaton suna samu a shekara. Wannan zai nuna maka yanayin da kakanka ya rayu, amma da wuya ya kama sunansa. Alƙaluman ƙidayar 1931 da ta 1952 ma jimla ce. Kada a biya kuɗin wannan tafiya sai da dalili takamaimai: kakan ya shiga soja, ko ya yi wa En'e ɗinki, ko ya yi wata shari'a da ta yi nisa. Gwajin asali na DNA da ake tallatawa a intanet kuwa ba ya fito da sunan kakanka.

Abin da ya fi ɓata wannan sana'a shi ne ƙawa. Za ka ga rahoto mai shafi 40, 30 daga ciki labarin jihadi ne da zuwan Baturen matafiyi Clapperton a 1824 da yadda jar fatar akuyar Sakkwato ta ratsa hamada har Turawa suka san ta da sunan Maroko. Duk gaskiya ne, amma ba shi ka aika a nemo ba. Wanda ya fi muni shi ne manna wa baduku asalin da zai faranta wa mai biya rai, a ce kakansa na cikin waɗanda suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Yana iya zama gaskiya ga wasu gidaje, amma masu sana'a da yawa daga baya suka shigo, daga Gobir da Kabi da Zamfara da Kano, wasu da ƙafarsu, wasu kamo su aka yi. Ba a karɓar irin wannan da'awa sai ɓangarori biyu na zuriya sun faɗe ta ba tare da sun ji juna ba. Maganar bauta kuma a yi ta tun farko: sai 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewa, don haka tana iya fitowa. A yi yarjejeniya wa za a fara gaya wa, kuma ko za ta shiga rubutu. Mai bincike na gari zai faɗa maka a keɓe. Na banza zai share ya sa wani abu a gurbinta.

Akwai inda aikin ke tsayawa cak. Dukawa na tafiya cin rani da jakar kayan aiki, wasu suka zauna Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi, wasu suka bi hanyar Makka ta ƙasa suka tsaya Sudan. Waɗanda Ghana ta kora a 1969 suka dawo, 'ya'yansu kan iya ba da labarin na can. Ban da haka, mai binciken da ke zaune Sakkwato ba zai bi sawun ba, kuma mai gaskiya zai rubuta cewa nan saninsa ya ƙare.

Biya ya zama kashi uku: kafin a fara, bayan an gama hirarraki, da bayan miƙa rahoto. Goron dattawa da kuɗin mota a rubuta su daban tun ranar farko, don nan ake yawan samun saɓani. Kafin a ba da kason ƙarshe a karɓi muryoyin da aka ɗauka, jerin waɗanda aka yi hira da su da dangantakarsu da kakan, hoton kowane shafi da lambar fayil ɗinsa, da jadawalin da aka rubuta a gaban kowane suna ko daga takarda ya fito, ko daga bakin mutum biyu, ko daga bakin mutum ɗaya.